Ina son mu sayar da gida mu shiga mota neman inda za mu tsufa, amma uwargida ta ƙi

Assalamu alaikum. Ni mutumin Kano ne, shekaruna 66, kuma na yi shekara 32 ina aiki a Ingila kafin na yi ritaya bara. Sanyin ƙasar nan ya fara cin ƙarfina, gwiwoyina ba sa barina barci daga Nuwamba har Maris, kuma tun da na ajiye aiki zaman gida ya ishe ni. Wani Bature da muka yi aiki tare ya sayi irin motar nan mai ɗaki, wadda ke da gado da wurin girki da banɗaki a cikinta, shi da matarsa suka yi ta zagaye har suka samu garin da suka zauna a kudancin Sifaniya. Ni ma abin da nake so ke nan: mu sayar da gidanmu, mu sayi motar, mu yi kamar shekara 2 muna zaga Faransa da Sifaniya da Fotugal da Maroko, duk inda hankalinmu ya kwanta mu sayi ɗan gida mu ƙarasa rayuwarmu a can. Uwargidana, mai shekara 59, ta ce ba da ita ba. Tana da ciwon suga, jikokinmu 3 suna kusa da mu, kuma ta ce ba ta baro gidan mahaifinta ta biyo ni Turai don ta tsufa a cikin mota ba. Ni ina da fasfon Birtaniya, ita kuwa na Najeriya ne da ita, tare da izinin zama na dindindin. Babbar 'yarmu ta goyi bayan mahaifiyarta, yayana kuma a Kano cewa yake yi in dawo gida kawai in huta, ni kuwa ina tsoron nisa da yara da kuma sha'anin asibiti. Na yi wa iyalina wahala shekara da shekaru, yau da nake son abu guda don kaina kowa ya juya mini baya. Shin son kai nake yi?

Wani dattijo, daga Ingila

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a wannan hutu, ya kuma ba Hajiya lafiya. Amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce a'a. Mutumin da ya yi shekara 32 yana fita aiki da duhun asuba cikin sanyin Ingila yana da haƙƙin ya yi marmarin rana da faɗin ƙasa, kuma ciwon gwiwar da ke hana barci wata biyar a shekara ba abin wasa ba ne. Na kuma ji wani abu a wasiƙarka da ba ka faɗa a fili ba, wato kaɗaicin da ke kama namiji idan aikin da ya saba da shi ya ƙare rana ɗaya, ya wayi gari babu mai jiransa a ko'ina. Wannan damuwa gaskiya ce kuma ta cancanci a saurare ta. Sai dai shirin da ka zo da shi ya ɗaure abu uku wuri guda, wato tafiya, da sayar da gida, da zaɓen inda za a zauna har ƙarshen rayuwa, kuma ina ganin wannan ɗauri ne ya firgita iyalinka. Da za ka kwance su ka ɗauki kowanne shi kaɗai, mai yiwuwa ka tarar Hajiya ba ta ƙi dukkansu ba.

Ka sake nazarin maganar da ta faɗa maka, domin akwai nauyi a cikinta. Ta taɓa yin hijira sau ɗaya saboda kai. Ta bar danginta da harshenta da kasuwar da ta sani, ta zo inda babu wanda ya san sunan mahaifinta, kuma a hankali ta gina wa kanta wata rayuwa: likitan da ya san tarihin ciwonta, matan da suke haɗuwa wurin suna da ta'aziyya, shagon da take samun kuka da daddawa, da jikokin da ke ƙwanƙwasa mata ƙofa. Kai wurin aiki ne ya riƙe ka a garin, kuma ya sake ka. Ita kuwa abubuwan da suka riƙe ta suna nan daram. Saboda haka idan ka ce a sayar da gida, kai 'yanci kake hangowa, ita kuwa abin da take ji shi ne za a sake tumɓuke ta karo na biyu, a shekarun da mace ke son ta ga ta kafu. 'Yarku ma ba gaba take yi da kai ba. Tana lissafin ranar da za a kira ta cikin dare a ce sugan mahaifiyarta ya faɗi a wani ƙauyen da ba ta ma iya furta sunansa ba.

Akwai kuma abin da abokinka Bature bai fuskanta ba, ko kuma ya fuskanta da sauƙi, shi ne sha'anin takardu, kuma a nan nake so ka natsu sosai. Tun ranar 1 ga Janairu 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, mai fasfon Birtaniya ba ya wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180 a ƙasashen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, idan ba shi da bizar dogon zama. Faransa da Sifaniya da Fotugal duk lissafinsu ɗaya ne, tsallaka iyaka daga wannan zuwa waccan ba ya sabunta kwanakin. Tun Oktoba 2025 kuma aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyakokin, kwamfuta ce ke ƙirga kwanakin mutum. Ke nan zagayen shekara 2 ba tare da yankewa ba, kamar yadda ka tsara shi, doka ba ta ba da shi ba. Abin da masu irin wannan mota suke yi shi ne idan kwana 90 ya kusa cika sai su koma Ingila, ko su hau jirgin ruwa daga Algeciras a kudancin Sifaniya su tsallaka zuwa Tanja, tafiyar da ba ta kai awa 2 ba, su yi 'yan watanni a Maroko, inda mai fasfon Birtaniya ke da kwana 90 ba tare da biza ba.

Wannan duk kai ya shafa. Hajiya, da fasfon Najeriya, sai ta nemi bizar Shengen tun daga Ingila, da inshorar lafiya da bayanin inda za ta riƙa kwana, sannan ta nemi ta Maroko daban, kuma kasancewarta matar ɗan Birtaniya ba ya ɗauke mata wannan. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne izininta na zaman dindindin yana faɗuwa idan ta yi shekara 2 a jere a wajen Birtaniya. Ka duba yadda adadin ya zo daidai da shekarun da ka ɗiba wa tafiyar. Idan kuka koma wata ƙasa da zama a wannan hali, za ta iya wayar gari ba ta da ikon komawa ta zauna kusa da 'ya'yan da ta haifa sai ta sake neman izini. Shawarata ta farko a aikace ita ce, idan tana so, ta nemi zama 'yar ƙasar Birtaniya kafin a yi maganar kowace doguwar tafiya. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana wanda aka haifa ɗan ƙasa riƙe fasfo biyu ba, don haka ba ta rasa komai a gida. Amma akwai sharaɗi ga matar ɗan ƙasa mai neman wannan: kada ta yi fiye da kwana 270 a waje cikin shekara 3 da suka gabaci neman, kuma kada ta wuce kwana 90 a wata 12 na ƙarshe. Idan kuka fara yawon kafin ta nema, da hannunku za ku jinkirta mata shi. Ku ga lauyan shige da fice mai rajista a kan wannan kafin komai.

Game da gidan kuwa ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka sayar da shi yanzu. Mota kullum darajarta raguwa take yi, kuma wanda ya sayar da gida a Ingila yana da shekara 66 da wuya ya sake mallakar irinsa a unguwar da ya bari. Ban da haka, kusan duk abin da tafiyar ke buƙata yana rataye ne a kan adireshi: inshorar motar, rajistarta, lasisin tuƙi, asusun banki, da sunanku a wurin likitan unguwa. Kiwon lafiya kyauta na gwamnatin Birtaniya ma ya dogara ne da kasancewar mutum mazaunin ƙasar, ba da launin fasfonsa ba. Motar da ke da lambar Birtaniya kuma dole ta dawo a yi mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wanda ba a yinsa a wata ƙasa. Idan kuɗin sayen motar ne matsalar, hayarta ta fi sauƙi a matakin farko, kuma idan tafiya ta yi tsawo nan gaba, ana iya ba da hayar gidan ko wani sashe nasa ba tare da an rabu da shi ba.

Ina so kuma ka kalli motar da idon wanda zai kwana a cikinta, domin hotunan da ake nunawa na bakin teku da faɗuwar rana ba sa nuna safiyar Talata da ake ruwan sama. Ka juya bayan lasisinka ka duba ko akwai rukunin C1, wato izinin tuƙa motar da nauyinta ya ɗara na ƙaramar mota. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya daga 1 ga Janairu 1997 zuwa yau, lasisinsa na ƙaramar mota ya tsaya ne a kilo 3,500, kuma wannan nauyi ya haɗa da ku biyu, da ruwa, da gas, da tukwane da buhun shinkafa. Wanda ke da C1 ma, idan ya kai shekara 70 sai likita ya duba shi kafin a bar masa shi, kai kuwa saura shekara 4. Tankin ruwan irin waɗannan motoci yawanci bai wuce lita 100 da 'yan kai ba, kuma mutum biyu masu alwala sau biyar a rana, ga tsarki ga wanka ga wanke-wanke, za su ga ƙarshensa cikin kwana biyu ko uku. Banɗakin ɗan akwati ne a ƙarƙashinsa da ake zarowa a kai wurin zubarwa duk bayan 'yan kwanaki, kuma wannan aiki, da gwiwoyin da ka ambata, a kanka zai faɗa. Tsakanin gado da wurin girki akwai 'yar hanya wadda da ƙyar take ɗaukar dadduma ɗaya, sai dai ku yi salla ɗaya bayan ɗaya, ko ku shimfiɗa a waje idan gari ya yi kyau. Tukunyar gas ta Ingila ba a musanya ta a Faransa ko Sifaniya. Nama da madara kuma an hana shiga da su Tarayyar Turai daga Birtaniya, don haka kilishin guzuri ba zai tsallake tashar jirgin ruwa ta Dover ba. Ba kuma ko'ina ake tsayawa a kwana ba: Faransa tana da wuraren da aka keɓe wa irin waɗannan motoci a garuruwa da yawa, Fotugal kuwa ta tsaurara dokarta a 2021 kan kwana a inda ba a keɓe ba.

Lafiyar Hajiya ita ce ma'aunin tsawon kowace tafiya. Likitocin unguwa a Ingila ba su cika rubuta maganin da ya wuce na wata 3 ba, kuma idan allurar insulin take yi, rayuwarta tana rataye da ɗan firjin motar, wanda ke aiki da gas ko batir. Katin GHIC, wato katin lafiya na tafiya da Birtaniya ke ba mazaunanta, yana ba da damar ganin likita a asibitocin gwamnati na ƙasashen Tarayyar Turai yayin ziyara, amma ba ya aiki a Maroko, kuma ba ya biyan kuɗin dawo da mara lafiya gida, saboda haka sai an haɗa da inshorar tafiya wadda aka bayyana mata ciwon sugan ƙarara. Kafin ku je ko'ina, ku tafi wurin likitanta tare, ka ji da kunnenka abin da zai ce.

Idan an zo maganar zama na dindindin, kuɗi ne ke fara magana. Bizar da Sifaniya ke ba wanda zai zauna ba tare da yin aiki ba tana neman shaidar samun kuɗin shiga, wanda a 2025 ya kasance kusan Yuro 2,400 a wata, da ƙarin Yuro 600 saboda mata, kuma daga ofishin jakadancinsu da ke Birtaniya ake nemanta, ba bayan an isa can ba. Cikakken fanshon gwamnatin Birtaniya a 2025 kusan fam 230 ne a mako, ka ga shi kaɗai ba zai kai ba sai an haɗa da fanshon wurin aikinka ko ajiya. Makamanciyarta ta Fotugal, wato bizar D7, ta fi sauƙi, domin an ɗora ta ne a kan mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda ya kasance Yuro 870 a wata a 2025, da ƙarin rabin haka saboda mata. Mai karɓar fanshon gwamnati da ya koma wata ƙasar Tarayyar Turai yana iya neman takardar S1, wadda da ita Birtaniya ke ɗaukar nauyin kiwon lafiyarsa a can, sai ka tambaya ko za ta haɗa da Hajiya a matsayin wadda ke ƙarƙashinka. Ga kuma abin da mutanenmu da yawa ba sa sani sai sun riga sun tashi: fanshon gwamnatin Birtaniya ana ƙara shi duk shekara ga mazauna Tarayyar Turai da wasu ƙasashe irin su Turkiyya da Amurka, amma ga wanda ya koma Maroko ko Najeriya da zama, yana tsayawa cak a kan adadin da ya bari. Shekara 15 ko 20 na tsadar kaya a kan kuɗin da ba ya motsi ba ƙaramin gibi ba ne.

Sai dai babban abin da nake so ka ɗauka ya wuce takardu da kuɗi. Mota tana nuna wa mutum gari, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya kwana uku a bakin teku a watan Afrilu bai san garin ba. Granada ta kudancin Sifaniya, inda aka buɗe babban masallaci a 2003 a unguwar Albaicín yana fuskantar fadar Alhambra, tana da daɗin gani ƙwarai ga Musulmi, amma tana gindin duwatsun Sierra Nevada, kuma sanyin hunturunta zai tuna wa gwiwoyinka Ingila. Sevilla da Cordoba kuwa zafinsu kan haura digiri 40 a watan Yuli da Agusta. Tambayoyin da dattijo irinka zai yi wa gari su ne: ina masallacin Juma'a, kuma za a iya zuwa da ƙafa ranar da tuƙi ya gagara? Da wa za a sha ruwa da azumi? Da wane harshe Hajiya za ta gaya wa likita inda ke mata ciwo? Awa nawa ne tsakaninku da jikoki, kuma akwai jirgi kai tsaye? Sannan tambayar da ba a son yi amma dole a yi ta: idan ta Allah ta kasance, wa zai yi wanka da salla, kuma akwai maƙabartar Musulmi kusa? A Faransa da Sifaniya kabari sau da yawa haya ake bayarwa ta wasu shekaru, sai iyali sun sabunta. A kudancin Sifaniya akwai 'yan Maroko da yawa, Malikawa ne kamar mu, karatunsu ma Warshu ne irin na makarantar allo, don haka salla a bayansu ba za ta yi maka baƙunta ba. Amma gaisawa a ƙofar masallaci daban, samun wanda zai zauna da kai a asibiti daban, kuma wannan na biyun shekaru ake yi ana gina shi, shekarun da ku kun riga kun kashe a inda kuke.

Ga yadda nake ganin za ka bi. Ka samu Hajiya ku biyu kaɗai, ba a gaban yara ba, ka fara da janye maganar sayar da gida gaba ɗaya, ka faɗa mata da bakinka cewa ba za a taɓa shi ba sai da yardarta. Daga nan ka gaya mata gaskiyar abin da ke damunka, wato sanyi da zaman banza da jin cewa kwanaki suna tafiya, domin ina zaton har yanzu tsarin tafiya ta ji daga gare ka, ba ta ji damuwar da ta haife shi ba. Ka tambaye ta abin da zai sa ta yarda da gwaji na ɗan lokaci, kuma ka karɓi sharuɗɗanta. Idan ta amince, ku yi hayar motar na kwana 10 ku zaga cikin Birtaniya, Wales ko Scotland, inda babu biza kuma likita yana kusa. Idan kun dawo kuna dariya, sai a yi na mako 6 zuwa Faransa da Sifaniya bayan takardunta sun kammala. Garin da ya burge ku duka biyu kuma, ku ajiye motar ku kama hayar gida a cikinsa na wata 2, a lokacin da yanayinsa ya fi muni, ku yi cefane, ku je asibiti, ku ga ko akwai wanda zai neme ku idan bai gan ku a masallaci ba. Idan kuwa ta gwada ta ce motar ba tata ba ce, ka karɓa da zuciya ɗaya. Kana iya yin gajerun tafiye-tafiye da ɗanka ko wani aboki, ita kuma ta same ku ta jirgi ku yi mako guda a gidan haya.

Kada kuma ka yi saurin ture maganar yayanka, ko da yake shi ma bai ga dukkan hoton ba, tunda ba shi ne zai yi nisa da jikoki ko ya nemi magani ba. Ba dole ne zaɓin ya zama komawa gaba ɗaya ko ƙin komawa ba. Watannin da gwiwoyinka ke kuka, Nuwamba zuwa Maris, akasarinsu su ne watannin da Kano ta fi daɗin zama, kuma can Hajiya ba ta buƙatar bizar kowa, ga danginta ga harshenta. Wata 3 a gida ko a kudancin Sifaniya duk shekara, sauran watannin a Ingila kusa da yara, zai ba ka ranar da kake nema ba tare da fanshonka ya tsaya ko izinin zamanta ya shiga haɗari ba, muddin aka shirya maganinta da inshora kafin a tashi. 'Yarku kuma ka kira ta ka nuna mata tsarin a rubuce, da ranakun tafiya da na dawowa da sunan asibitin da ya fi kusa da duk inda za ku sauka, ka ba ta aikin bincika inshorar mahaifiyarta. Ina kyautata zaton idan ta ga an sa ta a ciki, muryarta za ta sauko. Ka rubuto mini bayan gwajin kwana 10 ɗin, ina son in ji abin da Hajiya ta ce. Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ka gaishe ta da jiki.